Ku Tambayi Akanta: Ciniki Ya Ƙaru, Ina Ribar Ta Shiga?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini wannan watan kusan duk zancen bashi suke yi: bashin da ke wuyan kamfanin da mutum ya sayi hannun jarinsa, da wanda shi kansa yake haramar ci. Na zaɓo biyar. Kamar yadda muka saba, na rage tsawon wasu, na kuma sakaya sunaye.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin sakandare ne, na yi ritaya a 2021. Da aka biya ni garatuti sai na ware wani kaso na sayi hannun jarin wani kamfanin sarrafa kayan abinci, don na ga babu gidan da ba a amfani da kayansa. Da farko an riƙa ba mu rabon riba. Daga 2023 shiru kake ji. Ɗana ya duba mini rahotonsu a waya, ya ce cinikinsu ƙaruwa ya yi, amma wai faɗuwa suka yi. Yaya za a yi mutum ya sayar da kaya fiye da bara, da tsada fiye da bara, sannan ya ce ya faɗi? Ko dai cinye mana kuɗi ake yi? Daga Zariya.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a abin da aka samu. Ba ka faɗi sunan kamfanin ba, amma shekarar da ka ambata ta ishe ni. Abin da ya same ku ya sami masu hannun jari a kamfanoni da dama, kuma galibi ba sata ba ce. Bashin dala ne.

Kamfanin da ke shigo da ɗanyen kaya daga waje, madarar gari ce, alkama ce ko ɗanyen sukari, ba kasafai yake biya nan take ba. Ko banki ya tsaya masa, ko uwar kamfaninsa da ke Turai ta ranta masa dala, sai daga baya ya biya. Har zuwa farkon watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. A tsakiyar watan Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin shekara ta fita dala ta kai wajen naira 900, ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,500. To, ka ɗauka ana bin kamfani dala miliyan 10. Da a littafinsa naira biliyan 4.6 ce. Bai ƙara ranto ko sisi ba, sai ga ta ta zama biliyan 9, ta kuma zama biliyan 15. Ƙa'idar aikinmu ta ce duk ƙarshen shekara a sake lissafa irin wannan bashi da farashin ranar, abin da ya ƙaru kuma a rubuta shi asara. Ita ce ta haɗiye ribar da aka ci a ciniki.

Ba ƙananan kamfanoni abin ya kayar ba. MTN Nigeria ya yi cinikin sama da naira tiriliyan 2.4 a 2023, fiye da na shekarar da ta gabata, amma asarar canji ta biliyan 740 ta sa ya rufe shekara da faɗuwar biliyan 137, a 2024 kuma faɗuwar ta kai biliyan 400. Babban abin da ya ja masa shi ne hayar turakun sadarwa da aka ɗaura da farashin dala. Nestlé Nigeria ya faɗi kusan biliyan 80 a 2023. Dangote Sugar, da ke shigo da ɗanyen sukari daga Brazil yana tacewa a Apapa, ya faɗi sama da biliyan 70. Duk cikinsu babu wanda jama'a suka daina sayen kayansa. Shi ya sa hujjarka ta cewa kowane gida na amfani da kayan rabin hujja ce. Ta gaya maka za a yi ciniki, ba ta gaya maka wa za a fara biya daga kuɗin cinikin ba. Mai hannun jari kuwa shi ne na ƙarshen layi. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ba ta yarda a raba muku komai ba sai daga ribar da ta taru. In asara ta cinye tarin, sai an cike ramin tukuna.

Ka sa yaron ya sake buɗe rahoton ku zauna tare. Ku tsallake hotunan daraktoci da jawabin shugaba, wanda ban taɓa ganin ya ce shekara ta yi muni ba tare da ya ɗora wa yanayin tattalin arziki laifi ba. A shafin riba da asara ku nemi ribar aiki, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya, albashi, wuta da sufuri, kafin a taɓa kuɗin ruwa da asarar canji. In wannan layin na ƙaruwa shekara bayan shekara, jikin kamfanin lafiya lau yake, nauyin da ya ɗauka ne ya fi ƙarfinsa. In shi ma raguwa yake yi, cutar ta shiga jiki. Sai ku raba ribar aikin da kuɗin ruwan da ya biya a shekarar. Ni in amsar ba ta kai uku ba hankalina ba ya kwanciya. In ba ta kai ɗaya ba, kamfanin banki yake yi wa aiki, ba ku ba.

Daga nan ku wuce can baya, wajen bayanan da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Akwai jadawalin da ke nuna nawa ne bashin naira, nawa ne na dala, da nawa za a biya cikin wata goma sha biyu. Wannan jadawalin ya fi duk shafukan farko amfani, kuma shi ne ba a karantawa.

Na ukun shi ne shafin shige da ficen tsabar kuɗi. Ɗan kasuwar Kwari da ya rarraba atamfa bashi ga 'yan ƙauye, littafinsa na nuna riba, aljihun teburinsa babu na sallamar ɗan dako. Kamfani ma haka ne. In shekara uku a jere riba na hawa a takarda, tsabar da ke shigowa daga ainihin sana'ar kuma tana sauka, nan ne ya kamata ka yi zargin da ka yi a wasiƙarka. Nan, da kuma shafin da ke nuna cinikin da kamfani ke yi da kamfanonin daraktocinsa.

Ka sayar ko ka riƙe? In ribar aiki na nan daram, an biya bashin dalar ko an juya shi naira, kuma kamfanin ya ƙara farashi masu saye ba su gudu ba, ni ba zan sayar a lokacin da farashi ke ƙasa ba. MTN, bayan ya sake daidaita yarjejeniyar turakunsa a 2024 kuma hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data a Janairun 2025, ya koma cin riba. Sai dai ka lura da hanyar da aka bi aka biya bashin. Cadbury Nigeria, alal misali, ya mayar da wani ɓangare na bashin da uwar kamfani ke binsa zuwa hannun jari. Bashi ya ragu, gaskiya ne, amma masu rabon sun ƙaru, kason ƙaramin mai jari irinka ya ƙanƙance.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da injin gyaran shinkafa a yankin Kura. In aka haɗa injin da sito da kuɗin da nake sayen shanshera, jarina ya kai naira miliyan 100. Bara, bayan na fitar da kuɗin wuta, dizal da albashin yara, na ga ribar miliyan 35. Manajan wani banki ya ce zai ba ni miliyan 100 in kafa layi na biyu, kuɗin ruwa kashi 30, in biya cikin shekara uku, gidana ne jingina. Ƙanena ya ce tunda 35 nake ci banki kuma 30 zai karɓa, ai riba ce a fili. Abokina kuma ya ce in sayar da filina na Kano in zuba kuɗina, tunda kuɗina ba su da ruwa. Maganar wa zan bi?

AMSA: Alhaji, na yi aiki a sashen ba da lamuni na banki, irin wannan takarda ta sha bi ta hannuna, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Hukuncin kuɗin ruwa ka san shi, malamai sun gama magana. Lissafin da zan yi kuma yana nan ko da ta hanyar murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) ko ijara (ya ba ka haya) ka karɓi injin daga bankunan Musulunci irin su Jaiz, TAJ ko Lotus, domin can ma akwai ribar da aka ɗora da ranar biyan da ba ta matsawa.

Mu fara da ƙanenka. In layi na biyu ya yi aiki kamar na farko, ribarka ta zama miliyan 70. Banki ya ɗauki 30, ka tsira da 40. Da 35 kake samu, yanzu 40. Wato ka ninka aikinka, ka ninka ma'aikata da ciwon kai, ka sa gidan da iyalinka ke kwana a kan tebur, don ƙarin miliyan 5. Wannan a shekara mai kyau ke nan.

Yanzu a ce shekara ta zo da tsaka-tsaki, kowace naira 100 ta kawo 20 maimakon 35. Layi biyu su ba ka miliyan 40, banki ya ɗauki 30 ɗinsa cif, saura 10. Da ba ka ci bashin ba, 20 za ka samu. In ta ƙara lalacewa zuwa kashi 10, layi biyu su kawo miliyan 20, banki na jiran 30, sai ka ciro 10 daga uwar kuɗi ka cika masa, alhali da kai kaɗai ne da ribar miliyan 10 za ka kwana. Ka ga yadda abin yake: sama ƙarin 5, ƙasa ragin 20. Bashi na ƙara wa riba girma ne kawai in abin da jarin ke kawowa ya fi kuɗin bashin, kuma tazarar da ke tsakanin 35 da 30 ba ta da kaurin da za ta jure girgiza ko ɗaya.

Har yanzu ban sa uwar bashin ba. Miliyan 100 cikin shekara uku, wajen miliyan 33 ke nan duk shekara. A shekarar farko, mai kyau ɗin ma, kusan miliyan 63 cikin 70 banki za su tafi. Da me za ka sayi shanshera da kaka, lokacin da take araha? Wannan ne ke kashe masu injin, ba rashin riba ba. Na ga masu sababbin injina fes suna aiki kwana biyu a mako don babu kuɗin cika sito, sai su koma casar kayan wasu ana biyan su a buhu.

Kada ka ce shekarar tsaka-tsaki ba za ta zo ba. Sana'arka rabinta a hannun gwamnati take. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya azurta masu injin shinkafa. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane ma'auni. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka yi shawara da kai, kuma babu wanda zai sa banki ya ɗaga maka ƙafa. Ribar bara ta shekara ɗaya ce. Ka ɗauko littattafan shekara huɗu ko biyar ka fitar da matsakaici. Shi za ka gwada da kashi 30, ba shekarar da ta fi kowace kyau ba.

Akwai hujja ɗaya da ke bayan ƙanenka, kuma ba zan ɓoye ta ba. In farashin kaya na hawa da kusan kashi 35, kamar yadda ya kai a Disambar 2024, bashin da ruwansa ba ya sauyawa zaizayewa yake yi, kana biya da nairar da ta fi wadda ka karɓa rauni. Amma ka karanta takardar tayin da manaja zai ba ka. Kusan kullum akwai layin da ke cewa banki na da damar sauya kuɗin ruwa in yanayin kasuwa ya sauya. Ma'aunin ruwan Babban Banki yana kashi 18.75 a ƙarshen 2023, ya kai 27.5 a Nuwambar 2024, kuma waɗanda suka ci bashi kafin nan wasiƙar ƙari kawai suka gani. A nan murabaha ta fi: farashin da aka yanka ranar ƙulla ciniki shi ne har ƙarshe. Ka kuma tambayi kuɗin sarrafa takarda, na inshora da na rajistar jingina. In aka tara su, 30 ɗin ta wuce 30.

Sai abokinka, wanda maganarsa ta fi daɗin ji kuma ta fi yaudara. Wa ya ce kuɗinka ba su da farashi? A 2025 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na naira biliyan 300 mai ladan haya kashi 19.75 a shekara. Wato miliyan 100 ɗinka za su iya kawo maka kusan miliyan 20 kana zaune a gida, ba ƙura, ba janareta, ba rigimar direbobi. Wannan shi ne mafi ƙarancin farashin kuɗinka. A kansa sai ka ɗora ladan kasada. Banki da ke riƙe da takardar gidanka, wanda kuma shi ake fara biya, 30 ya nema. Kai da ba ka da jingina a hannun kowa, kai ake biya a ƙarshe, yaya za ka nemi ƙasa da nasa? A ce 35. Filin ma da za ka sayar ba a kwance yake ba, daraja yake ƙarawa, ita ma ka sa ta a ma'auni.

Haka manyan kamfanoni ke auna tsadar jarinsu: farashin kowane irin kuɗi gwargwadon kasonsa. Rabi na banki a 30, rabi naka a 35, matsakaici 32.5. In kamfaninka na da rajista yana biyan harajin kashi 30, ana cire kuɗin ruwa kafin a yanka haraji, sai 30 ɗin banki ta zama kamar 21 a gare ka, matsakaicin ya sauko 28. Amma wannan rangwame na wanda ya ci riba ne kuma yake biyan harajin da gaske. Duk aikin da ba zai kawo fiye da wannan adadi ba a shekara ta yau da kullum, ko littafi ya nuna riba, dukiyarka yake ci a hankali.

Shawarata, kada ka karɓi wannan bashi a wannan farashi da wannan wa'adi, kuma kada gida ya shiga. Kafin komai ka duba ko layin farko ma yana aiki dare da rana duk shekara. In ba ya yi, ba injin kake buƙata ba, kuɗin shanshera kake buƙata, kuma wannan ƙaramin lamuni ne na wata shida zuwa tara da za ka biya da ka sayar. In kuwa layin ya cika ya batse har kana mayar da masu saye, ka nemi Bankin Masana'antu, ruwansa ya fi na bankunan kasuwanci sauƙi, wa'adinsa ya fi tsawo, sai dai takardu da jira. Ko ka shigo da abokin tarayya da zai ci riba tare da kai ya kuma ɗauki asara tare da kai, a rubuta komai gaban lauya da shaidu, ko da ƙanen naka ne.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibar akanta ce a aji uku. An koya mana cewa in bashin kamfani ya ninka jarin masu shi sau biyu to akwai haɗari. Na lissafa na wani babban banki na ga ya kusa sau goma. Yana gab da rushewa ke nan? Daga Kano.

AMSA: 'Yata, lissafinki daidai ne, ma'aunin ne ba na wurin ba. Ajiyar da ni da ke muka kai banki bashi ce a kansa, ita ce kuma hajar da yake juyawa, don haka banki mai bashi sau takwas ko goma ba abin mamaki ba ne. Ana auna shi da yawan jarinsa a kan lamunin da ya bayar gwargwadon haɗarin kowanne. Babban Banki na neman aƙalla kashi 15 daga bankunan da ke da lasisin ƙasa da ƙasa, kashi 10 daga sauran. Ki kuma duba kaso nawa na lamunin ne ya maƙale ba a biya, da ko an jibge shi a hannun mutum biyar ko a harkar mai kaɗai. Da yake jarin banki siriri ne a kan abin da yake riƙe da shi, lamuni kaɗan in ya lalace zai iya cinye shi. An soke lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, kuma a shekarar ce aka umarci manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500 kafin ƙarshen Maris na 2026.

Wani abin da za ki so: faɗuwar nairar da ta durƙusar da masana'antu a 2023, ita ta cika wa bankuna masu ajiyar dala littafi da riba, har Babban Banki ya hana su raba wannan ribar ga masu hannun jari. In za ki kwatanta, banki da banki, siminti da siminti.

TAMBAYA: Malam, ina da 'yan kuɗin gado ina so in sayi hannun jari, amma ina tsoron haram. Na san ba zan sayi na giya ko na bankin ruwa ba. To kamfanin siminti ko na sukari da ke cin bashin banki fa? Daga Sakkwato.

AMSA: Hajiya, fatawa ta malamai ce, ni dai zan gaya miki ma'aunin da masu wannan fanni da dama ke amfani da shi. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta ce bayan sana'ar kamfani ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye a inda ake ba shi ruwa su ma haka, abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa. Wannan ɗan kason sai ki fitar da daidai shi daga rabon ribarki ki bayar, ba da niyyar lada ba. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassauci ba sam, ki san da haka.

A kasuwar hannayen jari ta Legas akwai jeri na musamman, NGX Lotus Islamic Index, tun 2012, ana tace shi lokaci zuwa lokaci. Ki ce dillalinki ya ba ki na baya-bayan nan, domin kamfanin da ya tsallake bana yana iya faɗawa baɗi in bashinsa ya kumbura ko farashinsa ya faɗi. Ni a matsayina na akanta ina ganin wannan iyaka ta kashi 30 kariya ce ko ga wanda ba don addini ya bi ta ba. Sai dai halaccin kamfani bai hana shi tsada ba, bai kuma hana a sami shugabannin banza a cikinsa ba, don haka abubuwan da na lissafa wa malamin Zariya ke ma sai kin duba su. Kuɗin gado kuma, musamman in akwai marayu a ciki, ni zan fi son kaso mafi tsoka ya tafi sukuk, wanda gwamnati ta fara fitarwa a 2017 ana gina hanyoyi da shi.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ma'aikacin gwamnati ne. Abokan aikina sun ninka kuɗinsu a hannun jari cikin shekara biyu. Ina so in ci bashin naira miliyan 3 a kan albashina in shiga kafin jirgi ya wuce. Daga Bauchi.

AMSA: Ƙanena, abokanka ba ƙarya suka yi maka ba. Ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari a kasuwar ya hau da kusan kashi 46 a 2023, ya ƙara wajen 38 a 2024. Amma da alama kana makaranta lokacin da aka yi irin wannan rububin na baya. A 2007 har masu shayi zancen hannun jari suke yi. Bankuna na ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci na bankin da ya ba da bashin, jinginar kuma ita ce hannun jarin. A Maris na 2008 ma'aunin ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan nan yana wajen 20,000. Da farashi ya fara sauka bankuna suka ce a ƙaro jingina ko su sayar, sayarwar ta ƙara kayar da farashi, mutane suka wayi gari babu jari ga bashi. Bankunan su ma ba su sha ba: a Agustan 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba musu naira biliyan 420, a 2010 kuma aka kafa AMCON don kwashe ruɓaɓɓen bashi. Ma'aunin bai sake taka inda yake a 2008 ba sai a 2023. Shekara 15. Wanda ya saya da kuɗinsa ya iya jira, yana karɓar ɗan rabon riba. Wanda ya saya da bashi ba a bar shi ya jira ba.

Naka ma ya fi nasu tsanani ta wata fuska, don daga albashi za a riƙa cira tun kafin ya iso hannunka. Bashin albashi a yanzu da wuya ka same shi ƙasa da kashi 25 zuwa 30, rabon ribar yawancin kamfanoni kuwa ba ya kai kashi 10 na farashin hannun jari, a ciki ma a cire harajin kashi 10. Ragowar duk kana fatan wani zai zo ya saya da tsada fiye da kai ne.

Ka shiga, amma da abin da za ka iya warewa duk wata ba tare da tukunyar gida ta ji ba. Ka bi ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin, da sunanka ba da sunan kamfanin dillalin ba, ka kuma cike fom ɗin da zai sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusunka na banki kai tsaye.

Masu tambaya kan harajin gidajen haya, ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba.